Ƙwan Kififiya Ba Na Kaza Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanena, autanmu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har tana sallah a tsaye.

Auta, na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar da ka ajiye mini kififiyoyinka uku a akwatin gilashin nan na falo, ka ce duk maza ne, abinci kawai zan riƙa zuba musu. To, babbar cikinsu ta ƙaryata ka. Ƙananan biyu sun yi makonni suna bin ta, suna cizon wuyanta. Daga baya ta daina cin abinci, sai kartar gilashi da ƙafafun baya. Na kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce ƙwai ne a cikinta, wurin tono take nema. Na cika tsohon bahon wanki da yashi mai laima, ta tona ta zuba, na ƙirga shida. Baban yara har ungozoma yake kirana.

Ga inda na yi ɓarna. Ka san cikin kaji na tashi, kuma kaza kullum juya ƙwanta take yi. Da na ga uwar ta rufe rami ta yi tafiyarta, tausayi ya kama ni. Na riƙa tono su ina juyawa safe da yamma, da bisimillah, har kwana goma sha biyu. Da likitan ya zo ya haska su da tocila, sai ya ce ba a juya ƙwan kififiya, in an juya ɗan ciki mutuwa yake yi. Garin neman gira na rasa ido. Yana zubar da yashin ne ya tarar da na bakwai can ƙasa a gefe, wanda ban san da shi ba. Shi kaɗai ke da rai.

Raina ya ɓaci da kaina, ya kuma ɓaci da kai. Wanda ya ba da amana ai ya faɗi yadda ake riƙon ta. Rai shida ne, komai ƙanƙantarsu, kuma a hannuna suka tafi. Ina ta istigfari, kai ma ka yafe mini. Na ware mazan a babbar roba, amma likitan ya ce uwar za ta iya ƙara yin wasu ƙwai, don haka ka aiko mini da bayani dalla-dalla, ko ka turo mai ɗaukar su. Ƙwan da ya rage kuwa na kife masa kwando, na hana kowa taɓawa, ni ce ta farko.

Ka gaida amaryarmu da Gwaggo, ka shafa mini kan takwarata. Inna na sa maka albarka.

Wassalam. Ni ce yayarka.