Zuwa Ga Shatu, Wadda Aka Ɗaga Hannu Aka Kore Ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Gidado da yara da abin da ya rage muku na dabbobi. Ni ce aminiyarki Rabi, malamar firamare ta Unguwar Kanya. Ban san garin da kuke ba yanzu. Labarinku na ƙarshe da na samu daga bakin wani direba ne, ya ce ya ga kun wuce Kongolam kun shiga Nijar. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta miki. Mutanen garinmu ma su karanta. Da yawansu suna wurin ranar da abin ya faru.

Shatu, tun muna 'yan mata kike sauke ƙwaryar nononki a zaurenmu. Innata ta kirɓa fura, ke ki kawo nono, mu zauna mu dama. A makiyayar gabas aka haife ki, a nan aka haifi mahaifinki. Da na haifi ɗan farina, ke kika kwana bakwai a ɗakina kina dafa mini ruwan wanka. Ban taɓa jin wani ya kira ku baƙi ba sai da zaɓe ya matso.

Kin tuna ɗan takarar nan, wanda ba zan ɓata bakina da sunansa ba. Ya zo ya tarar samarinmu ba su da gonaki, gādo ya tsattsage ƙasa har wani bai da inda zai shuka tiya guda. Wannan gaskiya ne, ƙanena ma yana cikinsu. Sai ya duba gabas ya ga fili. Ya ce in aka zaɓe shi zai sa a yanka makiyaya da burtali, hanyar da shanu ke bi, a raba wa matasa. Don kada a ce ya yi ƙarfa-ƙarfa, ya kira taro a filin makarantarmu, har mata aka ce su fito.

Ina ganin Gidado har yanzu, ya miƙe da sandarsa a kafaɗa. Abin da ya faɗa bai da yawa: “Jama'a, mu ma a nan aka yanke mana cibi. In kun toshe hanyar, ta ina shanu za su je ruwa?” Wani daga baya ya ce su bi ta sama, aka kwashe da dariya.

Na tashi na ce a bar burtalin ko da za a yanka sauran. Shugabar matan jam'iyya ta ja mayafina ta ce, “Malama, zauna, ba aji muke ba.” Dagaci yana zaune a kujera, kansa a sunkuye.

Sai ɗan takara ya ce, “Ai dimokuraɗiyya muke yi, a ɗaga hannu.” Hannuwa suka tashi kamar karan gero. Na waiwaya na gan ki a gefen bishiyar darbejiya, kin goya autarki, kina bin hannuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Matan da kika ba man shanu ranar sunan 'ya'yansu, hannunsu yana sama. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, ku ne 'yan rugarku, da ni, da wani tsoho liman. Aka yi tafi, aka ce jama'a ta yanke hukunci.

Abin da ke ƙona mini rai, washegari a wannan makarantar na tsaya gaban allo ina koya wa yara ma'anar kalmar. Mulkin jama'a, daga jama'a, domin jama'a. Littafinmu ya ce a wani tsohon birni na Girka aka faro ta, mutanen gari su taru a dandali su yi shawara, mai rinjaye ya ci. Abin da littafin bai faɗa ba, sai a kwaleji na ji shi: a wannan dandalin ba a lissafa mata, ba a lissafa bayi, ba a lissafa wanda aka ce baƙo ne ko da a birnin aka haife shi. Ashe tun daga tushe akwai wanda ake bari a bakin ƙofa. Mu da muka aro abin, har da wannan halin muka aro.

Ya ci zaɓe, kin sani. Kafin damina ta faɗi aka zo da turaku da igiyar awo. Da shuka ta fito, shanunku suka rasa hanya, wata saniya ta faɗa gonar wake, samari suka taso da gora. Aka fasa wa ƙanen Gidado kai. Kika zo gidana da safe da ƙwarya babu nono a ciki, kika ce, “Rabi, mun ɗaure kaya.” Ban iya ce miki ki zauna ba. Ina zan ce ki zauna?

To ki ji abin da ya biyo bayanku. Gonakin da aka kore ku dominsu, samarin ba su samu ba. Gefen da ke da dausayi ya tafi hannun manyan jam'iyya, wasunsu a Daura suke zaune, ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ƙanena, wanda ya ɗaga hannu har yana tsayawa a kan yatsun ƙafa don a gan shi, an ba shi wani tsandauri da ko ƙaya ba ta son fitowa. Yanzu acaɓa yake yi a hanyar Baure. Gonakinmu na gida da shanunku ke kwana a ciki da rani suna zuba mana taki, sun rame. Kabarin mahaifiyarki kuwa, da ƙyar liman ya hana tarakta bi ta kansa. Mun kewaye shi da ƙaya, ina zuwa ina dubawa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce abin bai da wani amfani ba. Da zaɓe ya zagayo, mutanen da suka ɗaga masa hannu su ne suka yi layi cikin rana suka kayar da shi. Na ga fuskarsa da aka gama ƙirga a rumfarmu, kuma wallahi na ji sanyi. Babu wanda ya ɗauki bindiga, tsofaffin mata ne da ɗan yatsa da tawada. Innata, Allah Ya ji ƙanta, takan ba mu labarin lokacin da aka fara barin mata su jefa ƙuri'a a nan Arewa. Ta ce zanen aurenta ta ciro daga adaka ta ɗaura, don ranar ce aka fara tambayarta abin da take so. Ga ni yau ina rubuta wannan a bainar jama'a, ban jin tsoron a zo a ɗauke ni. Na san darajar wannan, kuma ba na roƙon Allah Ya kawo mana soja.

Amma an kayar da shi don ya hana su gona ne, ba don ya kore ku ba. Ko mutum ɗaya ban ji ya ambaci sunanku a layin nan ba. Wanda ya gaje shi ya ce ba zai taɓa filin ba, masu gonakin suna da ƙuri'a. Tsarin da zai iya sauke azzalumi amma ba zai iya mayar wa marar yawa haƙƙinsa ba, ni da sauran magana tsakanina da shi. In mutum goma sun haɗu sun ƙwace na mutum ɗaya, ƙwace ne, ko sun ɗaga hannu ko ba su ɗaga ba.

Ga dalilin da ya sa na kasa haƙuri na ɗauki waya. Makon jiya shugabar matan nan, wadda ta ja mini mayafi, ta yi sallama a gidana da murmushi har kunne. Maigidan nasu, wannan da ya kore ku aka kayar, zai sake tsayawa, kuma sun lura takarar za ta yi zafi. Sun tuna katunan zaɓenku na rumfarmu ne. Ta ce, “Malama, ke ce kika san inda 'yan'uwanmu Fulani suke. Alhaji zai aika babbar mota ta kwaso su ranar zaɓe, a mayar da su da yamma.”

'Yan'uwanmu! A mayar da su da yamma! Na ce mata ban san inda kuke ba, kuma ko na sani, motar ta ina za ta bi, tunda sun toshe hanya? Ta tashi ta fita ba sallama.

Sun baza mutane kasuwannin shanu suna cigiyarku, za su iya samunku. Ba zan ce kada ku zo ba, katin naku ne, ƙasar taku ce, babu wanda ya ba ku aro. Amma ki gaya wa Gidado kada ya hau motar kowa. In za ku zo, ku zo da kanku, ku tsaya a filin makarantar nan, duk mai son ƙuri'arku ya faɗa a gaban jama'a ranar da zai cire turakun burtali. Wannan karon ba ni kaɗai zan tsaya tare da ku ba. Ƙanena ya ce zai tsaya, da shi da abokansa, kunya ta hana shi aiko miki da gaisuwa.

Ni dai ina kewarki, ƙawata. Na aurar da 'yata Hauwa bara, na yi ta duban ƙofa ranar kamu kamar za ki shigo. Autarki yanzu ta isa ɗaukar ƙwarya, kuma in na gan ta a hanya ba zan gane ta ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya ba dabbobinku ciyawa da ruwa, Ya haɗa ku da maƙwabta masu amana. Allah Ya ji ƙan iyayenmu. Ya saka muku a kan wanda ya cuce ku, Ya shiryi waɗanda suka bi shi. Ya sa mu sake ganin juna da rai da lafiya.

Ki gaida Gidado, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Rabi