Sunaye Goma Sha Tara

Mississippi, 3 ga Mayu, 1963

Vernell ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Memphis na lafiya. Mu nan ba lafiya. Jaridar fararen fata ta garinmu ta buga sunayen mutum goma sha tara da suka yi alkawari a asirce, a cocinmu, za su je rajistar zaɓe. Washegari aka kori mijina Hosea daga injin gurzar auduga. An ƙone rumbun Pettway, wanda shi ma sunansa ya fito. Wani daga cikinmu ne ya kai sunayen. Ki roƙi jaridar da kike wa aiki ta turo mai bincike, tunda ita kaɗai ke jin kukan baƙar fata. Baba ko abinci ba ya ci.

Yayarki,
Ozella

Memphis, 14 ga Mayu

Yaya Ozella,

Ina gaishe ki. Wakilinmu ya dawo da takardar sunayen da aka kai ofishin 'yan sanda. Matar da ke share ofishin ce ta ba shi. Editarmu ta ajiye min ita ta ce, "Buga wannan, 'yata." Na duba sau uku. Yaya, rubutun Baba ne. Da na gaya mata, sai ta ce, "Alhamis ta makon gobe za ta fita. Rubuta gida." Ki tambaye shi.

Taki,
Vernell

Mississippi, 18 ga Mayu

Vernell,

Gaisuwa. Na same shi yana ɓarar wake a ƙofar gida. Bai musa ba. Ashe ƙanenmu Lemuel ba Chicago ya tafi neman aiki ba, kamar yadda Baba ya ce mana. Tun Maris yake tsare a gonar da ake sa fursunoni aiki. 'Yan sanda sun ce wa Baba ko sunaye, ko gawar Lemuel. Na ce, "Har da Hosea, Baba?" Ya ce, "Shi na fara rubutawa, don kada a zarge ni." Na zauna a ƙasa. Lemuel kuma har yau ba su sake shi ba.



Ozella

Mississippi, 19 ga Mayu

'Yata Vernell,

Allah Ya yi miki albarka. Ku buga, kada ki cire sunana. Amma ki roƙi matar nan ta sa hoton Lemuel a shafin farko, babba. Wanda jarida ta nuna fuskarsa yana da wuyar ɓacewa. Ran Lahadi mai zuwa zan tsaya gaban coci in faɗa da bakina.

Mahaifinki,
Cleophus