Amsar da Ban Ji Ba

Maigatari, 9 ga Rajab, 1376

Zuwa ga Yayana, Malam Ishaƙ, a Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta Iya da Ruƙayyatu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Iya? Mu nan ƙalau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, aikin lamba yana tafiya. Agana ta yi ɓarna a ƙauyukan bakin iyaka. Malam Badaru, abokin aikina, yana yi wa maza a ƙofar gida, ni ina shiga ciki wurin mata, in sun ga tsararsu da bisimilla a baki sai su miƙa hannu. Ɗanka ne ke tuƙa mu. Ka san sha'anin uwa da ɗanta na fari, ba na kama sunansa, ba na zama kusa da shi. Ina baya da akwatin magani, in ina son a tsaya sai in ce Malam Badaru ya gaya wa mai mota.

Ga abin da nake son sani. An ɗaura wa motar wayar iska: akwati ne a gaba, da doguwar sandar ƙarfe a waje, da abin magana mai igiya wanda ake riƙewa kamar ludayi. Da ita ake magana da ofis a Gumel, inda wani Dogo yake zaune yana saurare. An ce kowa a motar ya koya, har ni. Ba wuya. A bar inji a kunne kada batir ya mutu. A murɗa har a ji tana huci. A danna maɓalli a faɗi ko wane ne da inda ake, a ce oba, wato na gama, a saki. In ba a saki ba, ba a jin na can, ko da ihu yake yi. Ba a doguwar gaisuwa. Ran da na gwada na tambayi Dogo iyali da gajiya da zafi, ya ce Inna, batirin gwamnati bai san ina gajiya ba.

To, Yaya, duk motar da ke da irinta tana jin abin da aka faɗa, maza ne kuma ban san su ba. Ya halatta mace ta sa murya a ciki? Kafin amsarka ta zo, na janye hannuna.

A gaishe da Iya, a ce ina neman addu'a. Wassalam.

Ƙanwarka,
Asama'u

Gumel, 4 ga Sha'aban, 1376

Zuwa ga Yayana, Malam Ishaƙ.

Assalamu alaikum. Ina fatan kun koma gida lafiya, ƙafar Iya ba ta tashi ba saboda tafiyar. Allah ya saka da zuwan da kuka yi. Mutane sun yi yawa ran nan, ban samu na gaya maka yadda abin ya faru ba. Takardarka ta iso kwana biyu bayan jana'iza. Na ga ka ce lalura tana halatta. Na gode.

Da hantsi ne, mun baro Gagarawa, mota ta kafe a rairayi. Malam Badaru ya tafi wata ruga neman masu turi. Ɗanka ya shiga saran reshe don ya sa ƙarƙashin taya, gamsheƙa ta sare shi a hannu. Ya dawo da ƙafarsa, ya ta da inji, ya zauna. Na ɗaure hannun da ɗankwalina. Kafin a jima harshensa ya yi nauyi, sai ya nuna mini wayar da ido.

Na danna, na yi sallama, na faɗi wurin da abin da ya faru, na ce oba, na saki. Duk na yi daidai. Dogo ya ce a kwantar da shi, kada ya motsa, ga mota nan tafe da malamin asibiti.

Sun iso bayan azahar. An shimfiɗa shi a bayan motarsu, wuri ya rage na mutum ɗaya. Malamin asibiti ya ce in shiga. Maza sun cika wurin, har da mutanen rugar. Na ce Malam Badaru ya shiga, ni zan tsare akwatin magani tunda amana ce. Amanar gaskiya ce, amma ba ita ta tsayar da ni ba. Kunya ce, kada a ce ta rikice a kan ɗan fari. Haka Iya ta yi a kanka ran da ka faɗa rijiya, muka taso muna jin ana yaba mata.

Sun yi nisa sai wayar ta yi huci. Malamin asibiti ne daga waccan motar. Ya ce idanun ɗanka suna rufewa, ba ya amsa wa kowa, in kira shi ko zai riƙe kansa su kai Gumel. Na ce mai mota. Shiru. Na ce mai sunan Baba. Shiru. Sai na kira shi da sunan da ka raɗa masa, wanda shekara ashirin da bakwai bai fita daga bakina ba. Na kira sau uku. Daga nan na shiga Yasin, ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe, don ba na yanke sura.

Da na sauke hannu sai na ga tun kiran farko ban saki maɓallin ba. Da na saki, Dogo ne ya yi magana. Ya ce Inna, sai haƙuri.

Jiya Malam Badaru da malamin asibiti sun zo gaisuwa. Kowannensu, ba tare da na tambaya ba, ya ce a kira na biyu ɗanka ya buɗe ido ya ce na'am, Inna, har sau biyu, suna ta danna tasu wayar don in ji. Ni ban ji ba. Amma ban taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba, kuma kai ka karantar da mu cewa shaidar adilai biyu ta isa. Na karɓa a haka.

Matarsa Lauratu tana nan wurina har ta gama takaba. A gaishe da Iya, kada a karanta mata wannan. Wassalam.

Ƙanwarka,
Asama'u