Takarkarin Marayu Yana Kwance, An Hana Ni Yanka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu kula da hanyoyin gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ni ne Sale mai takarkari na Ƙofar Wambai. Ban yi boko ba. Hannun mai rubuta wasiƙu na bakin kasuwa ne wannan, amma bakin nawa ne, kuma na ce masa kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Na sa ya yi biyu, ɗaya gare ka, ɗaya a karanta wa jama'a a ƙofar masallacin unguwarmu.

Ga abin da ya kawo ni. Takarkari yana kwance a ƙofar gidana da karyayyar ƙafa, ofishinka kuma ya ce kada in yanka. Ba nawa ba ne. Shi kaɗai ƙanena Buba ya bari da ya rasu. Ni nake kora shi ƙauyuka ina ɗauko wa fatake dawa, abin da aka biya in kai wa matarsa Dije da 'ya'yanta mata. Da ƙafar san nan suke cin tuwo.

Na farko, ramin. Tun ruwan farko na daminar bana kwalbatin da ke hanyar da ta fita daga ƙofarmu ya rufta ta gefe ɗaya. Rami ne da zai haɗiye mutum har ƙugu. Na gaya wa mai unguwa. Na gaya wa helman leburori, da bakina, yana cin goro. Na taka har ofishinka, masinja ya tsare ni a baranda ya ce in kawo a rubuce. Da na ga shiru, sai na yi abin da muka taso muka ga iyayenmu suna yi: na saro reshen ƙaya na kafa a cikin ramin. Duk ɗan garin nan, ko yaro ne, in ya hango ƙaya a tsaye a kan hanya ya san ya kauce. Dabba ma ta sani. Har damina ta kusa fita babu wanda ya faɗa.

Na biyu, abin da mutanenka suka yi. Da aka ce babban baƙo zai wuce ta nan, leburori suka zo suka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Suka cire ƙayata suka yar, wai tana ɓata gari. Helma har ya nuna ni da sanda, ya ce in na sake kafawa zai kai ni gaban alƙali don tare hanyar hukuma. Na tafi ƙauye da zaton za a cike ramin, tunda ga leburori ga diga ga kwanduna. Ashe kara suka jera a bakinsa, suka shimfiɗa tsohuwar zana, suka watsa marmara a kai suka lallaɓe. Motar baƙo ta bi ta ɗaya gefen, ya wuce yana ɗaga hannu. Ba wanda ya dawo.

Ni kuwa na dawo da rana tsaka, san yana ɗauke da taiki biyu na dawa. Na ga hanya sumul, har na ce a raina madalla, an ji kukanmu. Ni na kora shi kan wurin. Ƙarar karyewar ƙashin nan, masu awo a bakin ƙofa sun ji ta. Sai da maza suka taru da igiya da itace kafin muka fid da shi, muka jawo shi gida a kan ƙyaure.

Ka duba, ranka ya daɗe. Da an bar ramin a buɗe ma, da na gan shi. Abin da aka yi tarko ne. Ban ɗora wa leburori laifi ba, 'ya'yan maƙwabtanmu ne, abin da aka ce su yi suka yi.

Na uku, kuma wannan ne ya hana ni barci. Na je neman diyya. Akawunka ya saurare ni, ban ce ya wulaƙanta ni ba. Amma ya ce doka ita ce sai malamin dabbobi ya zo ya ga san da ransa, ya shaida karaya ce ta rami. In na yanka kafin nan, babu diyya. Na ce to ya zo yau. Ya ce yana rangadi. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce Allah ya sani. Na koma, na sake komawa, amsar ke nan.

Kai Musulmi ne, ka san abin da wannan ke nufi. In na yanka, marayu sun rasa diyya. In na jira ya mutu da kansa, ya zama mushe, ba nama, ba mai saye, sai a ja shi bayan ganuwa. Ƙafar ta kumbura ta fara wari. Ya daina tuƙa. Dusa ma, sai ya sansana ya kau da kai. Mahautan da suka zo tayi da farko yanzu sai su leƙa su girgiza kai su wuce. Angulaye sun fara sauka a kan katangata. Dije kan zo ta tsuguna kusa da shi ta ba shi ruwa a ƙwarya. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki kwandon ƙasa a ka lokacin da aka fara yanka hanyar nan, ba a biya mu ko anini ba. A da, in hanya ta ɓaci, unguwa ke fita gayya ta gyara. Aka zo aka ce mu janye hannu, hanya ta hukuma ce, harajinmu zai gyara ta. Mun janye, haraji kuwa ban taɓa bari an zo nema sau biyu ba. Yanzu ko'ina maganar mulkin kai ake yi, wai Turawa za su tafi 'ya'yanmu su riƙe. Ina murna. Amma wanda ya shimfiɗa zanar nan ba Bature ba ne, wanda ya ce in jira ma ba Bature ba ne.

Abin da nake roƙo ga shi. A aiko wani, ko wane ne, mai ido biyu da ka amince da shi, ya ga san nan yau ko gobe da safe. A biya marayun Buba sa mai aiki madadin nasu. Ni ban nemi ladan wahalata ba. A cike ramin da dutse, don har yanzu yana nan a buɗe, mata masu tallar nono suna bi ta wurin.

Ba na son ka ji a bakin wani, shi ya sa nake gaya maka da kaina. Gobe bayan la'asar, ko an zo ko ba a zo ba, zan sa wuƙa, gaban liman da mai unguwa. Ba zan bar dukiyar marayu ta zama mushe a hannuna ba, don ba akawunka ne zai amsa tambaya a kanta ranar gobe ƙiyama ba, ni ne. Naman a sayar a ba Dije. Ƙafar da ta karye kuwa ba zan sayar ba. Zan naɗe ta in kawo ofishinka in zauna da ita a baranda, kullum, har malamin dabbobi ya dawo daga rangadi. In masinja ya kore ni, zan koma gindin bishiyar da ke ƙofa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da haƙƙin maraya, ya sa ka gama da aikin nan lafiya.

Wassalam.

Ni ne talakanka,
Sale mai takarkari,
Ƙofar Wambai, Bauchi.