Azumin Gwaggo Hajo

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hauwa da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan sai godiya.

Jiya na je Ƙofar Rini gaida Gwaggo Hajo. Na tarar ba ta hura wuta ba, ta ce azumi take. Na zauna na yi mata lacca kan gwamnati da tsadar gero, har da jirgin nan da ya halaka da attajirai a ƙarƙashin teku, bayan an gargaɗe su.

Ta ce, "Ɗiyata, su an tai nemansu da jirage. Mu da munka nutse bisa tudu, wa yaz zo nemanmu?"

Na yi dariya, na yaba mata iya siyasa. Sai a hanya na tuna Talata ce, Gwaggo kuwa Litinin da Alhamis take azumi. Digirina biyu, Yaya, amma ban gane yunwa ba.

Ka san ba za ta karɓa daga hannuna ba. Zan ce kai ka aiko, in ta kira kada ka ƙaryata ni. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Gero na bakin ƙofa, bari in rufe gida in tafi.

Ƙanwarka,
Asma'u