Muryar da Suka Ce ta Inji Ce

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun ina da baƙin gashi, ruwan randa a tsakar rana, tauraruwar da ba ta taɓa ɓatar da ni ba, uwar 'ya'yana kuma kakar jikokina.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta cika wa ciki har abinci ya rasa wurin zama. Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don ki karanta da idonki, kada Auta ta karanta miki tana tsallake wuraren da za su ba ta kunya. In kin ga layi ya karkace, ai kin san hannun. Sitiyarin bas ya riƙe har ya tsufa kafin ya san alƙalami.

Yau farin ciki ya cika ni, uwargida, ya cika ni har ina jin sa a yatsun ƙafata, amma na rasa inda zan sauke shi. Wa nake kai wa labari in ba ke ba? Ke kuma kin rufe ƙofa. Tun da ciwon nan ya shanye miki ɓarin dama ya ɗaure miki harshe, aka mai da ke gidan Auta, kullum na zo sai ta fito tana murza hannu ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ta girgiza kai." Sai in zauna a falo ina kallon silifas ɗinki a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda kika saba cire su. Na san dalilinki. Ba kya so in ga bakinki ya karkace, ba kya so in ji magana tana fita guntu-guntu daga bakin da ya saba kashe ni da amsa tun ban gama tambaya ba. Wayyo tsohuwata! Kunyar wa kike ji?

Bari ki ji abin da ya faru, sannan ki yanke mini hukunci.

Angonki ne ya zo, jikan nan namu mai gashi kamar sheƙar tsuntsu, abokin takarata a wurinki. Kin san shi da abokansa da kiɗan nan nasu mai ruri da suke kira metal, wanda kike cewa kiɗan maƙera, kike toshe kunne kina dariya idan ya ɗauko gitarsa. To sun fitar da sabon albam, kuma wannan karon sun jingine gita da ganguna, sun haɗa komai da kwamfuta. Ya shigo ba kuzari, ya zauna a kujerarki, ya ce, "Kaka, masu sauraronmu sun yi mana ca." Ya nuna mini abin da suka rubuta a wayarsa, na ce karanto mini in ji.

Ke, mutane ba su da dama! Wani ya rubuta, "Ku dawo mana da gitarmu, wannan ai kukan firji ne." Wani ya ce yana tuƙi ya sa waƙar, sai ya tsaya ya buɗe gaban mota, ya zaci injin ne ya samu matsala. Wannan kam na yi dariya har da tari, yaron yana hararata. Wata ta tsaya musu ta ce, "Ku bar yara su gwada, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya." Wani ya ce sau biyu ya saurara yana tsaki, a na uku ya rasa abin da ya hana shi kashewa. Amma wanda ya fi ƙona wa yaron rai shi ne mai cewa, "Babu ɗan Adam ko ɗaya a cikin wannan abu, inji ne ke hira da inji." Sai rigima ta koma kan waƙar ƙarshe, wai akwai wani dogon sauti a ciki mai nauyi. Wannan ya ce na'ura kaza ce ta yi shi, wancan ya ce ƙarya ne na'ura kaza ce, wani ɗan iska ya ce saniya aka jefa rijiya aka ɗauki kukanta.

Na ce masa, kai, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sa mini in ji da kunnena. Ya ɗora mini abin sauraren nan mai rufe kunnuwa biyu. Gaskiya zan gaya miki, na farkon duk ban gane musu kai ba, ƙara ce kawai kamar ana walda a cikin tanki. Na daure don kada ya ce na tsufa. Sai ta ƙarshen ta zo. Da farko wani bugu ne ƙasa-ƙasa, kacau-kacau, kacau-kacau, yana tsayawa yana tashi. Na san wannan tafiyar. Keken ɗinkinki ne, har da ɗan tsayawar da kike yi in za ki juya ƙyalle. Sannan dogon sautin ya taso, an ja shi kamar danƙo, an yayyanka shi, an mai da shi mai kauri kamar yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Babu kalmar da ta rage a cikinsa. Amma a can ƙarshensa ya ɗan ɗaga sama, ya yi rawa kaɗan, irin ta wadda take danne dariya.

Ke ce! Wallahi ke ce, hasken raina! Na fizge abin daga kunnena na ce, "Wannan ai matata ce take kira na!" Yaron ya zuba mini ido, ya ce, "Kaka, ko abokaina da muka yi aikin tare sai da na gaya musu." Ashe tun yana makaranta ya ɗauki muryarki a waya, kina kan keke kina kira na, ya ajiye. Da kika kwanta ciwo, yaron ya kasa riƙe gita, sai ya koma kan wannan ɗan guntun sautin yana juya shi. Na rungume shi, gashin nan nasa ya cika mini baki, muka yi ta kuka kamar an yi mana duka. Jikana! Duk duniya na cewa ya yi shirme, ni kuwa ban taɓa alfahari da mutum kamar yadda na yi da shi a wannan lokacin ba.

Kin tuna kiran? Lokacin da na shiga ajin yamma na manya, furfura ta riga ta fito, abokan aiki suna mini ba'a a tasha. Ke kika ɗinka mini jakar littafi da ragowar yadin labule. Ina dawowa, kafin in yi sallama kin ji takuna, ba ki ɗaga kai daga ɗinki ba sai ki ja murya ki ce, "Ɗaalibii! A wanke hannu, abinci zai huce." In na ɓata rai ki ce, "Malam ya yi bulala ne yau?" Ranar da na fara rubuta sunanki na rubuta shi da harafi ɗaya a juye, kika ce haka ya fi kyau, kada in gyara. Wace itaciya ce ta taɓa yi wa matafiyi inuwa irin wadda kika yi mini? Wane ruwan sama ne ya taɓa sauka a kan busasshiyar ƙasa da tausayi irin naki?

Na karɓi wayar zan ba mai maganar inji amsa. Da yatsa ɗaya nake dannawa, ina huci, na kai rabin layi sai yaron ya riƙe hannuna ya ce, "A'a Kaka. Muryarta ce. In ta yarda a faɗa, a faɗa. In ba ta yarda ba, su yi ta musunsu." Ya fi ni hankali, na goge. Suna can har yanzu suna gardama a kan na'ura, ba su san tsohuwa ce mai tabarau a kan hanci take kiran mijinta cin abinci ba.

To yanzu ki duba, zumar rayuwata. An ɗauki muryarki an ja ta, an yanka ta, an binne ta cikin ƙarar ƙarfe, har masu ji da kansu a harkar kiɗa suka rantse ba ta mutum ba ce, amma ban cika numfashi ɗaya ba na gane ki. Kina zaton ciwo ya fi kwamfuta iya ɓoye ki? Kina zaton don harshe ya yi nauyi zan nemi tafinta tsakanina da ke? Kaico! Gidan ya yi mini faɗi. Na lulluɓe keken da zanenki don ƙura, sai kuma in riƙa ɗaga zanen ina dubawa kamar mara hankali. Da safe in dafa shayi in zuba kofi biyu, sai na zauna in tuna. Ni kurciya ce da aka ɗauke wa abokiya, kuka kawai nake a kan reshe, ba mai amsawa.

Ban roƙe ki ki yi magana ba. Ban roƙe ki ki yi murmushi ba. Ki bar ni in shigo in zauna a gefen gadon, ta wajen hannun da ba ya motsi, in riƙe shi, don shi ne ya fi bukatar a riƙe shi. In kina so ki juya fuska bango, ki juya, ƙeyarki ma ta ishe ni kallo. In yawu ya zubo ni zan goge, in kalma ta maƙale ni zan jira, ba inda za ni.

Gobe bayan la'asar zan zo. Ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan aiko Auta ta tambaye ki ba, don kada ta sake shan nauyin kawo mini amsa. Ki sa ta bar ƙofar a buɗe ko da faɗin yatsa ne, zan gane. In na tarar a rufe, zan zauna a falo har a kira magariba, in tafi, jibi in dawo.

Naki tun ƙuruciya har ranar da za a rufe ni da ƙasa, wanda ba shi da wata ƙofar da zai tsaya sai taki,

Mijinki.