Mun ƙone lemun Mama

Yaya,

Innalillahi! Lemun Mama na cikin tukunya ya ƙone, ganyensa sai zuba yake. Na ɗaga kwalbar takin ruwan na ga saura kaɗan, kwalbar wata uku fa! Ashe Baba ma kullum yana zuba masa, ko sirkawa da ruwa ba ya yi. Ni ina sawa, ke ma kina sawa. Mu uku a kan bishiya ɗaya!

Na makara aiki. In kin tashi, ki yi ta kwara masa ruwa zalla har ya fita ta ƙasan tukunyar.

Jibi za a sallamo Mama daga asibiti. Jiya shi ta fara tambaya kafin mu, na ce mata yana nan lafiya lau.

Ƙanwarki